Kafin a sake shafa wa asibitocin gabashin Sakkwato fenti

A cikin watan Afrilun shekarar 2024, 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah, lalura ta kai ni wani asibiti da ke gabashin Jihar Sakkwato domin in duba jikan yayana da aka kwantar saboda zazzaɓi. Ba zan kama sunan asibitin ba, domin abin da na tarar ba laifin ma'aikatansa ba ne, kuma duk wanda ya saba shiga asibitocin karkara a ƙasar nan ya taɓa cin karo da irinsa. Na isa wajen ƙarfe uku na rana. Gini ne sabo fil, ya sha fenti, tayil sai ƙyalli yake yi, ga allon dutse a bakin ƙofa ɗauke da ranar da aka buɗe shi. Amma da na leƙa ɗakin yara sai na ga wayam, gadaje a jere babu ko mutum ɗaya a kai. Ashe duk marasa lafiyar suna bayan ginin, a gindin wata bishiyar dogon yaro, iyaye mata sun shimfiɗa tabarmi, an kafa ƙusoshi a jikin bishiyar an rataye ledojin ƙarin ruwa.

Na tambayi malamar jinyar da ke bakin aiki dalilin haka. Sai ta yi murmushi ta ce, "Baba, shiga ka tsaya na minti biyar, in ka fito kai za ka ba ni amsa." Na shiga, ban kuwa cika minti biyar ɗin ba. Rufin kwano ne, an yi masa silin na roba ƙasa-ƙasa, har dogon mutum zai iya taɓa shi da hannu. Tagogin na gilashi ne masu zamewa, irin waɗanda rabinsu kawai ke buɗuwa, kuma dukkansu a bango ɗaya suke, bangon da ke kallon yamma. Akwai na'urar sanyaya ɗaki har guda biyu a manne, sai dai tun ranar bikin buɗewa ba su sake ganin wutar da za ta iya ɗaukarsu ba. Da na fito sai ta ƙara da wata magana wadda har yau take yi mini yawo a zuciya. Ta ce, "Yaro zai zo da zazzaɓi, mu ba shi magani jiki ya yi sanyi, da la'asar kuma ya ɗau zafi rau, mu rasa gane ko cutar ce ta dawo ko kuwa ɗakin ne."

Wannan magana tata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mun saba idan ana zancen kiwon lafiya a Wurno ko Rabah ko Goronyo, abin da ake lissafawa shi ne ƙarancin likitoci da na magunguna, da lalacewar hanya, da kuma rashin tsaro, kuma duk gaskiya ne. Abin da ba kasafai ake kawowa ba shi ne ginin kansa, wato inda aka dasa shi, da inda ya fuskanta, da tsawon rufinsa, da faɗin tagoginsa, da inda aka sa famfo da makewayi. A ganina gini wani yanki ne na magani, kamar allura da ƙwaya. Yadda ba za mu yarda a ɗirka wa ɗanmu allurar da ba a gwada ba, haka bai kamata mu yarda a kwantar da shi a ɗakin da babu wanda ya taɓa auna abin da yake yi wa jikin marar lafiya ba.

Ba sabon zance ba ne a duniya. Tun a shekarar 1859 Florence Nightingale, baturiyar Ingila da ta ga yadda sojoji suka riƙa mutuwa a asibitin yaƙin Kirimiya, ta yi rubutu a kan ginin asibiti tana dagewa cewa a yi dogayen ɗakuna masu tagogi ta ɓangarori biyu domin iska ta ratsa. A zamaninmu kuwa, binciken da aka fi ambatawa shi ne wanda Roger Ulrich ya wallafa a mujallar Science a shekarar 1984. Ya bi takardun mutum 46 da aka yi wa aikin matsarmama a wani asibiti a Jihar Pennsylvania ta Amurka, rabinsu tagarsu na kallon itatuwa, rabi kuma na kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun bar asibiti bayan kimanin kwana 8, masu kallon bango kuwa sai da suka tasam ma kwana 9, kuma na farkon ba su buƙaci maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi kamar na biyun ba. Binciken ƙarami ne, ba kuma zan ce a ɗora kasafin kuɗin jiha a kansa ba. Amfaninsa shi ne ya buɗe ƙofa, daga nan masu zanen gini da likitoci suka fara tambayar juna hujja kafin a ja layi a takarda.

Wanda ya fi shafar mu shi ne binciken da aka gudanar a asibitoci 8 na birnin Lima na ƙasar Peru, aka wallafa a shekarar 2007. Masu binciken sun auna sau nawa iskar ɗaki take sauyawa a cikin awa guda, domin da wannan ne ake gane haɗarin kamuwa da cututtukan da ke bin numfashi, irin su tarin fuka. Suka gano cewa buɗe ƙofofi da tagogi kawai yana sauya iskar ɗaki kimanin sau 28 a awa, alhali kuwa ɗakunan keɓe masu cuta da ke dogaro da injin zuƙe iska mai tsada sau 12 ake buƙata su yi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, tsofaffin ɗakunan da aka gina kafin shekarar 1950, masu dogon rufi da manyan tagogi, sun kai sau 40, sababbin da aka gina da gajeren rufi da ƙananan tagogi kuwa sau 17. Wato dai an kashe kuɗi an yi ginin zamani, an kuma rage wa marar lafiya fiye da rabin iskar da yake samu a tsohon gini. Duk wanda ya taɓa shiga tsofaffin ɗakunan asibitin da aka gina a Arewa zamanin En'e, masu baranda gaba da baya, ya kuma shiga waɗanda aka yi wa "gyara" a 'yan shekarun nan, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen jin daɗi ne kawai. A garin Tugela Ferry na Afirka ta Kudu, rahoton da ya fito a shekarar 2006 ya nuna cewa cikin mutum 53 da aka samu da wani nau'in tarin fuka da ya gagari magunguna, 52 sun rasu, kuma akwai ƙwararan alamu cewa da yawansu a cikin asibiti suka ɗauki cutar. Bayan irin waɗannan darussa ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na shekarar 2009 a kan shigar iska ta taga da ƙofa, inda ta ƙayyade lita 60 ta sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga kowane marar lafiya a ɗakin kwanciya na gama-gari, da lita 160 a ɗakin masu cutar da ke bin iska. Mu da muke fama da ƙyanda da tarin fuka, muka kuma ga annobar sanƙarau ta 1996 da ta 2017 wadda ta yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato, ina son in san ɗan kwangila nawa ne aka taɓa nuna wa waɗannan alƙaluma kafin ya sayo tagogi.

Wani zai ce ai waɗannan duk labaran ƙasashen waje ne. To, bari mu dawo gida. A Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru a Jihar Yobe, garin da zafinsa bai bar na Sakkwato da nisa ba, ma'aikata sun daɗe suna lura da cewa jariran da ke ɗakin kulawa ta musamman jikinsu yakan yi zafi da yamma, ya sauka cikin dare, ba tare da an samu wata cuta a jininsu ba. Illar abin biyu ce. Zafin kansa yana galabaitar da jariri, musamman bakwaini, sannan ma'aikaci da ya ga zazzaɓi yakan zaci ƙwayar cuta ce, sai ya shiga ba da magungunan da ba a buƙata. Farfesa Hippolite Amadi, injiniyan kayan asibiti ɗan Najeriya, da abokan aikinsa suka zargi ginin. Ba su tsaya ga zargi ba. Suka gina sabon ɗaki mai bango biyu da rata a tsakani domin tare zafin rana, suka yi wa wani tsohon ɗaki kwaskwarima da irin wannan manufa, suka bar wani yadda yake domin kwatance, sannan suka yi ta auna zafin ɗakunan da na jariran. Sakamakon da suka wallafa a shekarar 2014 ya nuna sabon ɗakin ya fi sanyi ƙwarai a lokacin da rana ta fi ƙuna, kuma zazzaɓin yamma ya kusan ɓacewa a cikinsa. Wannan ita ce amsar tambayar malamar jinyar nan tawa. An ba da ita shekara goma kafin ta yi tambayar, a nan Arewa, amma ba ta iso teburin wanda ya zana ɗakinta ba.

Akwai makamantan wannan. A shekarar 2008 wata likitar mata daga Amurka, Laura Stachel, ta zauna a asibitin Ƙofar Gayan da ke Zariya tana nazarin dalilan mutuwar mata wajen haihuwa, ta ga ana karɓar haihuwa da fitilar kananzir, ana kuma ɗage tiyata saboda duhu. Daga wannan lura ne aka ƙirƙiro ɗan akwatin sola da ya yaɗu a ɗakunan haihuwa na ƙasashe da dama. A Legas kuma, wani gwaji da aka wallafa a shekarar 2015 ya nuna cewa rumfar da aka rufa da wata leda mai tace hasken rana tana maganin shawarar jarirai kamar yadda fitilar asibiti mai cin lantarki take yi. A ƙasar da rana ba ta yi mana rowa, wannan rumfa ta cancanci fili a zanen kowane asibitin haihuwa.

Sai dai in faɗi gaskiya, bin hujja ba yana nufin a kwafo duk abin da aka rubuta a Turai ba. A Amurka masana wannan fanni sun karkata ga cewa kowane marar lafiya ya samu ɗakinsa shi kaɗai, domin rage yaɗuwar cuta da samun barci. A asibitin da malamar jinya ɗaya ke kwana da gadaje ashirin ko talatin, ɗaki ɗai-ɗai hanya ce ta mutuwa ba wanda ya gani. Abin da take buƙata shi ne teburinta ya kasance inda za ta ɗaga kai ta hango kowane gado. Haka batun taga. Lima ba ta san hunturunmu ba, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura ta zuba a kan rauni da kayan aiki, da asuba kuma sanyi ya sa mai jinya ta toshe kowace kafa da zane. Ba ta kuma san sauron fadamar Rima ba. Gwajin da aka yi a gidajen yankin Farafenni na ƙasar Gambiya, wanda aka wallafa a shekarar 2009, ya nuna sa raga a tagogi da ƙofofi yana rage sauron da ke shiga ɗaki da kusan rabi, yana kuma rage ƙarancin jini ga yara. Amma raga tana rage iska, saboda haka tagar da za a sa wa raga dole ta fi girma tun daga zane. Yaya girman zai kasance a Goronyo, inda ruwan madatsa da gonakin rani suke riƙe sauro har bayan damina? Wane bango ne za a rage wa taga saboda ƙurar hunturu? Babu wanda zai amsa mana wannan daga Landan, sai mun auna da kanmu.

Ga kuma batun inda za a dasa ginin. Waɗannan garuruwa uku na bakin ruwa ne, Goronyo da Wurno a kwarin Rima, Rabah kuma a gefen Gulbin Sakkwato. Wanda ya ga ambaliyar watan Satumban 2010, lokacin da ruwa ya ɓalle a madatsar Goronyo ya share ƙauyuka da gonaki, har ya yanke gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san iyakar da ruwa zai iya kaiwa. Har yanzu akwai dattawan da za su nuna maka alamar a jikin bishiya. Wannan alama hujja ce, kuma kyauta ce. Da ita ya kamata a yanke tsawon daɓen asibiti, da inda za a haƙa masai don kada ya haɗu da rijiya ranar da ruwa ya zo, domin bayan ambaliya amai da gudawa ne ke biyowa. A maimakon haka sau da yawa filin da ba wanda yake so, ko wanda wani mai faɗa a ji ya bayar don a ambaci sunansa, shi ake ginawa a kai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah Ya jiƙansa, da ya kafa ribaɗinsa a Wurno inda ya rasu a shekarar 1837, a kan tudu ya dasa garin yana kallon fadama. Shi ne kuma wanda ya bar mana rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Abin kunya ne a ce jikokinsa suna gina ɗakin magani a kwari ba tare da sun tambayi inda ruwa ke bi ba.

Sannan akwai tambayar da ta fi kowace nauyi, wato me ya sa matanmu ba sa zuwa? Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na shekarar 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato ko mace ɗaya cikin goma ba ta haihuwa a asibiti. Dalilan suna da yawa, akwai nisa da kuɗi da izinin miji da rashin ma'aikaciya mace. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, wace mace ce da aka rena da kunya za ta yarda ta ratsa ta gaban maza da ke layin karɓar kati tana naƙuda, ta shiga ɗakin da tagarsa ke kallon hanya, gadaje uku babu labule, makewayi kuma yana can ƙarshen fili? Bahaushe ya daɗe da warware wannan a gidansa. Zaure na baƙi ne, daga nan sai a karya kwana kafin a kai cikin gida, ta yadda na waje ba ya hango na ciki. Maginan gargajiya da ba su taɓa zama a aji ba sun san wannan, amma zanen da ake aiko mana daga ofis bai sani ba. Ƙofa ta daban ga masu naƙuda, makewayi da wurin wanka a manne da ɗakin haihuwa, da murhun dafa ruwan zafi ga uwa ko gwaggon da ta rako mai jego, duk ba su kai kuɗin na'urar sanyaya ɗakin da ba ta aiki ba. Ban ce su kaɗai za su cika ɗakunan haihuwa ba. Na ce a gina haka a wuri biyu ko uku, a ƙirga matan da suka zo kafin da kuma bayan, a gani.

Haka nan masu jinya. A ƙasarmu marar lafiya ba ya zuwa shi kaɗai, kuma danginsa ne ke ciyar da shi, su yi masa wanki, su juya shi. Zanen asibitocinmu yana yin kamar babu su, shi ya sa ake samunsu kwance a ƙarƙashin gado da kan baranda, suna girki a bakin kwata. A garin Kaedi na ƙasar Muritaniya, wani mai zanen gini ɗan Italiya, Fabrizio Carola, da aka ba shi aikin faɗaɗa asibiti, sai da ya lura da yadda mutane ke jinya, sannan ya tsara ginin yadda dangi za su zauna kusa da marar lafiyarsu ba tare da sun cushe ɗaki ba. Da jan bulo na ƙasar wurin ya yi ginin, da ɓuntun shinkafa aka gasa bulon, kuma aikin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a shekarar 1995. Ina jin ɓuntun shinkafa ba abin da za a nema da nisa ba ne a Wurno da Goronyo. A ƙasar Burkina Faso ma, Francis Kéré, wanda a shekarar 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci babbar lambar Pritzker ta zanen gini, ya gina asibiti a garin Léo da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da ginin yadda iska za ta ratsa tsakani ta kwashe zafi, rufin kuma ya zarce bango ya yi masa inuwa. Mu nan mun ɗauka ginin ƙasa alamar talauci ne, bulon siminti mai rami a ciki da gilashi kuwa alamar ci gaba, alhali kowa ya san inda ya fi daɗin barcin rana a watan Afrilu tsakanin soron kakansa da shagon kwano.

Zafi ba mutane kaɗai yake illatawa ba. Allurar oksitosin da ake yi wa mace don tsayar da zubar jini bayan haihuwa tana buƙatar ajiya a cikin sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wani binciken ingancin magunguna da aka yi a Najeriya tare da hukumar NAFDAC, aka wallafa a shekarar 2018, ya samu kusan uku cikin kowane huɗu na samfurin wannan allura ba su cika ƙarfinsu ba, kuma zafin wurin ajiya na cikin abubuwan da aka fi zargi. Idan mai zane ya tura ɗakin ajiyar magani kusurwar yamma, inda rana ke dukan bango tun daga azahar, bai kuma tanadi sola ta firji ba, to ya sa hannu a mutuwar matar da bai taɓa gani ba.

Ba zan tsallake rashin tsaro ba, domin wanda ya rubuta a kan gabashin Sakkwato ya yi shiru a kansa bai yi adalci ba. Mutanen Rabah ba su manta da harin Tabanni na watan Yulin 2018 ba, wanda ya tura jama'a gudun hijira zuwa Gandi, haka na Goronyo da harin kasuwa na watan Oktoban 2021. Asibitin da ba shi da masaukin ma'aikata a cikin katangarsa, mai ruwa da haske da ƙofa mai kulle, asibitin rana ne kawai, ita kuwa naƙuda ba ta duba agogo. Asibitin garin da ke karɓar 'yan gudun hijira kuma yana buƙatar fili da inuwa da ƙarin famfo da makewayi, wurin da za a iya kafa tanti cikin kwana ɗaya. Waɗannan ma abubuwa ne da ake yankewa ranar zane.

To me ya hana? Ban yarda jahilci ne ba. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna da likitocin lafiyar al'umma da injiniyoyi da masu zanen gini 'yan jihar nan da suka san duk abin da na zayyana, wasu ma sun fi ni sani nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce hanyar da gini ke bi kafin ya tsaya. Ana ciro tsohon zane guda daga durowa, wanda aka yi amfani da shi a wurare masu yanayi daban-daban, a miƙa wa ɗan kwangila, shi kuma ya rage tsawon bango da layi biyu na bulo don ya tsira da riba. Wanda zai karɓi aiki yana duba fenti da tayil, domin su ne ke fitowa a hoto. Malamar jinya da ungozoma da mai shara, waɗanda za su yi shekara ashirin a ciki, ba a tambayarsu komai, alhali Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan an yanka kintinkiri kuwa babu wanda ke komawa ya ga yadda ginin yake aiki. In an yi shekara biyar sai a sake fitar da kuɗin gyara, a sake fenti, a yi kitso da ƙwarƙwata.

Dalilin da ya sa nake ganin maganar ba ta jira shi ne kuɗi na tafe. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga asusun kiwon lafiya a matakin farko, kuma a watan Disamban 2023 gwamnati ta bayyana ƙudurin ninka cibiyoyin da ke cin gajiyar asusun daga kimanin 8,800 zuwa fiye da 17,000 kafin ƙarshen 2027. Jihar Sakkwato na da mazaɓu 244, kuma manufar ita ce kowace ta samu cibiya mai aiki. Duk bangon da aka ɗora ba daidai ba a wannan zagaye, 'ya'yanmu za su zauna da shi shekara talatin ko arba'in. Ba a kuma rasa abin koyi a jihar ba. A shekarar 2013 Sakkwato ta riga sauran jihohin Najeriya rungumar maganin shafa wa cibiyar jariri da ƙwayar tsayar da jini ga matan da ke haihuwa a gida, ta kai su har ƙauyuka, domin bincike ya nuna suna ceton rai. Gwamnatin da ta saurari hujja a kan magani za ta iya saurarenta a kan bulo.

Shawarata ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da Hukumar Kiwon Lafiya a Matakin Farko ba mai tsada ba ce. A sayi ƙananan na'urorin auna zafi da na auna gurɓatar iskar numfashi, waɗanda kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na taya huɗu na motar babban jami'i ba, a rataya su a ɗakunan yara da na haihuwa da na ajiyar magani a asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo, tsofaffin gine-gine da sababbi, har shekara guda cur, ta yadda za a kama bazara da damina da hunturu. A ba ɗaliban jami'a aikin tattara alƙaluman, su zauna da ma'aikata da matan da suka haihu a can da waɗanda suka ƙi zuwa, su ji ta bakinsu. Abin da ya fito shi zai zama ƙa'idar ginin asibiti ta jiha, takarda 'yar shafi kaɗan da kowane ɗan kwangila zai sa wa hannu: dogon gefen gini ya kalli kudu da arewa, rufi ya kai tsawo kaza, taga ta kasance a bango biyu masu fuskantar juna, daɓe ya ɗara alamar ambaliyar 2010, a dasa itatuwa kafin a aza tubali. Sannan a riƙe wani kaso na kuɗin kwangila har sai ginin ya ga watan Afrilu guda, an shiga da ma'auni da ƙarfe uku na rana an karanta abin da ya nuna.

Yaron da na je dubawa ya warke, alhamdu lillahi, an sallame shi bayan kwana huɗu, kuma yawancin jinyarsa a gindin bishiyar nan aka yi ta. Da zan tafi malamar jinyar ta rako ni bakin ƙofa, ta nuna mini wasu turaku da aka kafa a bayan ginin. Ta ce an zo an auna fili za a ƙara sabon ɗaki, kuma bishiyar tana cikin abin da za a sare.